Betty Wright, mawaƙiya mai koyar da murya

A ƙasar Amurka akwai wata irin waƙa da ake kira sol. Ma'anar kalmar ita ce rai. Baƙaƙen fata ne suka ƙago ta, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Sun haɗa waƙoƙin majami'a da waƙoƙin da suke yi a kan wahalar zaman duniya. Betty Wright tana cikin manyan mawaƙan sol.

An haife ta ranar 21 ga watan Disamba 1953 a birnin Miyami. Ita ce auta cikin yara bakwai. Tun tana ƴar ƙarama take waƙar addini tare da yayyenta. A shekarar 1968 aka buga babban faifanta na farko, tana da shekara 14. A 1971 ta yi wata waƙa mai suna "Clean Up Woman". An sayar da faifan fiye da miliyan ɗaya. A 1976 kuma ita da abokan aikinta uku suka samu Grammy, babbar kyautar mawaƙan Amurka.

A wancan zamani, kamfani ne ke buga faifai, shi ke kwashe yawancin riba. Mawaƙi ya yi noma, wani ya cika rumbu. Betty ba ta yarda da haka ba. A 1985 ta kafa nata kamfani, Ms. B Records. A 1988 aka sayar da faifanta "Mother Wit" har dubu 500. Ita ce baƙar mace ta farko da ta kai wannan matsayi da kamfanin kanta.

Mene ne ya sa muryarta ta fita daban? Ku ɗora yatsa a maƙogwaronku, ku ce "aaa". Kun ji yana rawa? A ciki akwai wasu ƴan tantani biyu. In iska ta fito daga huhu, sai ta kaɗa su, murya ta fita. In sun ɗame, kamar tsirkiyar gurmi, murya ta yi siriri. In sun saki, ta yi kauri. Betty tana iya kai tata can sama, har ta zama kamar fito. Mawaƙa kaɗan ne ke iya haka.

Murya kyauta ce, amma tana lalacewa in ba a kula da ita ba. Don haka ake da masu koyar da ita. Suna nuna wa mawaƙi yadda zai tsaya miƙe, ya ja numfashi har cikinsa ya kumbura, ya sake shi sannu sannu. Suna hana shi ihu, suna sa shi shan ruwa da hutawa.

Betty ta yi wannan aiki shekaru da yawa. A 2003 ta horar da wata yarinya ƴar Ingila, Joss Stone, mai shekara 16, ta taimake ta shirya faifanta na farko. Yarinyar ta yi suna a duniya.

Betty ta rasu a Miyami ranar 10 ga watan Mayu 2020, bayan ta yi fama da ciwon daji. Shekarunta 66.

Tambayoyi
1. Su wa suka ƙago waƙar sol?
2. Don me Betty ta kafa kamfaninta?
3. Yaya murya take fita?
4. Wane mawaƙi kuka sani a garinku? Wa ya koya masa?