Kiristanci da auren mace fiye da ɗaya: ina makomar matar da aka ce a sallama?

A watan Nuwamba na 2025 fadar Paparoma ta Vatican ta fitar da wata takarda mai suna Una caro, wato nama ɗaya da harshen Latin, inda ta sake jaddada cewa aure a ɗarikar Katolika tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Matsayin ba sabo ba ne. Daga cikin abin da ya sa aka maimaita shi akwai tambayar da shugabannin cocin na Afirka suka daɗe suna kai wa Roma: magidanci ne mai mata biyu ko uku, da ƴaƴa a kowane ɗaki, ya zo yana son a yi masa baftisma. Me za a ce masa? Su kuma matan fa?

A Nijar Kiristoci ba su da yawa, amma tambayar ba baƙuwa ba ce. Tun lokacin da ƴan mishan na SIM suka sauka a Damagaram a 1924, daga baya suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suna wa'azi ne cikin al'ummar da zama da kishiya ya zama ruwan dare. Wani binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2019 ya nuna kashi 29 cikin 100 na ƴan Nijar suna zaune ne a gidan da ake da mata fiye da ɗaya. Wanda kuma yake ɗaukar abin na Musulmi kaɗai ne, ya duba maƙwabciyarmu Cadi: binciken ya samu kashi 21 na Kiristoci a irin waɗannan gidaje, Musulmi kuwa kashi 10.

Wanda ya buɗe Tsohon Alkawari na Littafi Mai Tsarki yana neman ayar da ta haramta ƙara aure kai tsaye ba zai same ta ba. Annabi Ibrahim ya zauna da Saratu da Hajara. Yakubu ya haifi ƴaƴansa maza 12 da mata huɗu. Dauda ya tara mata, an kuma ƙidaya wa Sulemanu mata 700 da ƙwaraƙwarai 300. Shari'ar Musa ba ta hana ba, tsari ta sa. Littafin Fitowa ya hana mai ƙara aure rage wa ta farko abinci da sutura da haƙƙin kwana. Littafin Maimaitawar Shari'a ma ya yi maganar da duk Bahaushe zai gane: idan mutum yana da mowa da bora, kuma ɗan fari na borar ne, ba shi da ikon ƙwace rabonsa ya ba ɗan mowa.

Sai dai malaman Kirista suna cewa a lura da yadda labaran suke ƙarewa. Hajara da ɗanta sun bar gida. Lai'atu da Rahila, ya da ƙanwa, sun yi shekaru suna gasar haihuwa. Hannatu, mahaifiyar Sama'ila, ta sha gori daga kishiyarta saboda rashin haihuwa har ta kasa cin abinci. A ganinsu littafin ya ba da labarin abin da ya faru ne, bai yaba shi ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi tana cikin Bisharar Matiyu sura ta 19. Da aka tambayi Yesu Almasihu game da saki, sai ya mayar da masu tambayar ga farkon halitta, inda aka yi namiji ɗaya da mace ɗaya, biyun suka zama jiki guda. Wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus kuma sun gindaya cewa shugaban ikilisiya ya zama mijin mace ɗaya. A nan ma ba a rasa musu ba, domin wasu na cewa in har sai da aka sa wa shugabanni wannan sharaɗi, to akwai masu mata da yawa cikin mabiya ke nan. Wasu kuma na ganin maganar ta shafi aminci ga mata ne, ko sake aure bayan saki.

Akwai kuma tasirin wuri. Cocin farko ya girma ne a daular Roma, wadda dokarta ta amince da mace ɗaya tun kafin zuwan Kiristanci. Augustine, babban malamin nan na garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta cewa auren magabata ba zunubi ba ne a zamaninsu, amma lokacinsa ya wuce. A 1540 wani basaraken Jamus, Philip na Hesse, ya ƙara mata ta biyu a asirce da yardar Martin Luther, abin da ya zama abin kunya da ya fito fili. A 1563 taron Katolika na Trent ya la'anci duk mai cewa ya halatta Kirista ya tara mata.

A Afirka ne maganar ta tashi daga takarda ta shiga tsakar gida. Ƙa'idar yawancin ƴan mishan ita ce magidanci ya riƙe uwargida ya sallami sauran kafin a yi masa baftisma. John Colenso, bishop ɗin Anglika a ƙasar Zulu, ya ƙi amincewa da haka tun shekarun 1850, yana cewa ba za a gyara aure da saki ba, alhali sakin shi ne Almasihu ya yi tir da shi a fili. Ba a saurare shi ba. Taron Lambeth na 1888 ya yanke cewa mai mata da yawa sai dai ya ci gaba da karɓar koyarwa ba tare da baftisma ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu majami'un da ƴan Afirka suka kafa da kansu, a Legas da wasu wurare, suka buɗe ƙofa ga irin waɗannan magidanta.

A ɗauki gidan Bahaushe a auna. Matar da aka sallama ba ta yi laifin komai ba, da sadaki da shaidu aka ɗauko ta. Bisa al'ada ƴaƴan da aka yaye na gidan uba ne, don haka za ta fita ta bar su hannun kishiya. In tana da sauran ƙuruciya, auren da za ta samu mai yiwuwa wani gidan kishiyar ne. In ta manyanta, sai gidan ƴan uwa. Mijin ya samu baftisma, ita ce ta biya kuɗin. Musulmi ma sun san makamanciyar wannan matsala a fiƙihu, domin wanda ya musulunta da mata fiye da huɗu sai ya zaɓi huɗu, kamar yadda aka umarci Gailan ɗan Salama mai mata goma.

Shekara 100 cif Anglika suka ɗauka kafin su sauya. Taron Lambeth na 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da iyalinsa, da sharaɗin ba zai ƙara wata ba muddin ɗaya daga cikin matansa na raye, jama'ar cocin yankin sun amince, kuma ba za a tilasta masa korar kowa ba saboda halin ƙuncin da za ta shiga. Sassaucin na wanda ya shigo da matansa ne. Kiristan da ya ƙara aure bayan baftisma, ko da don neman haihuwa ne, majami'u da dama kan hana shi Jibin Ubangiji da riƙe muƙami.

Katolika ba su bi wannan hanya ba. Sashe na 1148 na kundin dokokinsu na 1983 ya ba magidancin damar zaɓar ɗaya daga cikin matan in zama da ta farko zai yi masa wuya, ya kuma ɗora wa bishop alhakin tabbatar da an biya bukatun waɗanda aka sallama. Yadda za a yi hakan a ƙauyen da gona da rumbu da ɗaki duk na miji ne, shi ne aikin da babban taron cocin a Roma ya miƙa wa ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaska, ƙarƙashin Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa.