Gyauron dawa da murhun cikin jiki

A ƙasar Kurfai, makiyayi ba ya barin saniyarsa ta shiga gonar da gyauron dawa ya tsiro. Tsofaffi sun san dalili. Saniya tana iya cin ɗanyen ganyen da safe, kafin rana ta take ta faɗi tana haki, ta mutu. Idan aka yanka ta, sai a ga jininta ja wur, ya fi na kullum haske. Me ya kashe ta?

Amsar tana cikin wani abu ƙarami ƙwarai.

Jikin mutum da na dabba an gina su da ƙwayoyin halitta. Ba a ganin su sai da madubin likita. Cikin ƙwaya akwai wasu ƴan jakunkuna da ake kira mitokondiri. Ƙwayar hanta ɗaya tana da fiye da 1000. Su ne murhun jiki. Can ne ake ƙona abinci a hankali, ba hayaƙi, ba harshen wuta. Daga nan ƙarfin tafiya da na noma da na tunani yake fitowa.

Kowace jaka tana da tantani biyu, na waje da na ciki. Na ciki ya naɗe kamar rawani. A jikinsa akwai furotin iri-iri, jere kamar mutanen da ke miƙa wa juna guga a bakin rijiya. Na ƙarshen layin sunansa sitokurom oksidaz. Shi ne yake karɓar iskar oksijan da jini ya ɗauko daga huhu, ya haɗa ta da abin da aka miƙo masa, ta zama ruwa. Kusan duk iskar da jiki ke amfani da ita wurinsa take ƙarewa. Wani masani na Jamus, Otto Warburg, ya binciki aikinsa, ya sami kyautar Nobel a 1931.

Ƙaramar dawa tana ɗauke da wani sinadari a ganyenta. Ya fi yawa idan ba ta kai gwiwa ba, ko fari ya kama ta, ko ta sake tsirowa bayan girbi. Cikin tumbin saniya sinadarin yakan saki guba mai suna siyanur. Gubar tana bin jini, ta je ta liƙe wa sitokurom oksidaz. Sai ya daina karɓar iska. Duk layin ya tsaya, murhu ya mutu.

Saniya tana numfashi da ƙarfi, jininta cike da iska, amma ƙwayoyinta ba sa iya ɗauka. Iskar ta koma yadda ta zo. Shi ya sa jinin yake ja wur. Ƙwaƙwalwa da zuciya ne suke fara gazawa, domin ba su da hutu. Likitan dabbobi yana da allura, amma sai in ya iso da wuri. Hatsi ba shi da wannan guba, kuma shi ne mutanen Filinge suka fi shukawa. Haɗarin yana fadamu da kwaruruwan da ake shuka dawa.

Rogon da ake nomawa a Dallol Boso shi ma yana da irin wannan sinadari. Mai zaƙi kaɗan ne gare shi, mafi yawa a ɓawo. Mai ɗaci kuwa, har cikin tsokarsa. Don haka ne mata suke fere shi, su jiƙa shi kwana 3 ko fiye, su zubar da ruwan, su shanya. Ba wahalar banza ba ce.

Hanta tana iya kashe guba kaɗan, ta fita cikin fitsari. Amma tana bukatar taimakon abinci mai gina jiki, kamar nono da wake da nama. Yaron da ba ya samun su, kuma yana cin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba, yana iya kamuwa da wata cuta mai suna konzo. An fara bayyana ta a Kongo a 1938. Ƙafafu biyu suke sanƙarewa farat ɗaya, kuma ba sa komawa daidai. An fi ganin ta lokacin fari da yaƙi, sa'ad da yunwa ta hana mutane jiran kwanakin jiƙo.