Gina Shafin Intanet da Kayan Gayya: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan ɗan bayani ne domin hakimai da malamansu, waɗanda mai yiwuwa ne a kawo musu zancen buɗe wa gunduma ko masarauta shafi a intanet. Mai kawo irin wannan zance ya kan ce kayan aikin kyauta ne, sa'an nan kuma ya miƙa takardar kuɗi. To, maganganun nan biyu duka suna iya zama gaskiya. Amma sai shugaba ya san yadda abin ya ke kafin ya rarrabe abin da a ke biya da abin da ba a biya, ya kuma san nauyin da zai hau kan ofishinsa bayan an gama aikin. Za a yi misali da manhajar da a ke kira WordPress, domin ita ce ta fi ko wace yaɗuwa. Masu ƙididdiga na W3Techs sun nuna cewa cikin 2024 fiye da kashi 40 cikin 100 na dandalin intanet na duniya da ita aka gina su.

Abubuwa uku da shafi ke bukata

Na farko adireshi, watau sunan da mutum zai rubuta a wayarsa ko kwamfutarsa ya iso shafin. Ba a sayensa dungum, haya a ke yi, a kan sabunta shi shekara shekara. Adireshin da ya ƙare da .ng na Nijeriya ne, ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarsa. Wanda ya ƙare da .ne kuwa na Nijar ne.

Na biyu masauki, watau wuri cikin wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, inda a ke ajiye rubutu da hotuna domin mai nema ya same su ko yaushe. Wannan ma haya ce, kamfanoni ke ba da ita.

Na uku manhaja, watau jerin umarni da aka rubuta wa kwamfuta domin ta karɓi abin da malami ya rubuta, ta adana, ta tsara shi, ta nuna wa mai karatu. Cikin ukun nan, manhajar ce kaɗai kyauta. Adireshi da masauki da ladan magini duk a kan biya su.

Asalin manhajar kowa da kowa

Cikin 1989 wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, ya tsara dabarar haɗa shafuka da juna sa'ad da ya ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba. Ran 30 ga Afrilu 1993 cibiyar ta saki wannan dabara ga duniya, ba ta nemi ko anini ba. Da ma tun 1983 wani Ba'amurke, Richard Stallman, ya fara kiran a riƙa yin manhajar da ba a ɓoye rubutunta. Cikin 1989 ya fitar da wani lasisi da a ke kira GPL, aka sabunta shi cikin 1991.

Lasisin nan ya ba ko wane mutum izini huɗu. Ya yi aiki da manhajar yadda ya ga dama. Ya buɗe cikinta ya karanta, ya sāke abin da bai yi masa ba. Ya kwafa ya ba wani. Ya kuma rarraba wadda ya gyara. Sharaɗi ɗaya ne babba: wanda ya gyara ya rarraba, lalle ne ya rarraba bisa wannan lasisi, ya kuma bayyana rubutun gyaransa. Watau ba shi da ikon ya ɗebi na jama'a ya kulle a rumbunsa. Lasisin bai hana ciniki ba. Mutum yana iya karɓar lada domin ya gina wa wani shafi, ko ya kula masa da shi.

Yadda WordPress ta samu

Cikin 2001 wani Bafaranshe, Michel Valdrighi, ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna b2/cafelog, ya sa ta ƙarƙashin GPL. Wajen ƙarshen 2002 sai aka daina jin ɗuriyarsa, manhajar ta zauna ba mai gyara ta. Da a ce kulle ta ke, da shi ke nan ta mutu. Amma cikin Janairu 2003 wani ɗalibi ɗan shekara 19 a birnin Hustan na Amurka, Matt Mullenweg, ya bayyana niyyarsa ta ɗaukar rubutun ya ci gaba da shi. Wani ma'aikacin kwamfuta a garin Sitokfot na Ingila, Mike Little, ya amsa cewa zai sa hannu. Ran 27 ga Mayu 2003 suka fitar da WordPress ta farko. Da Valdrighi ya sake bayyana, sai ya amince da ita ta zama magajiyar tasa.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. Cikin 2004 aka buɗe hanyar ɗora mata ƙananan manhajoji, waɗanda za a kira su ƙari cikin wannan bayani. Ko wane ƙari da aikinsa, wani na karɓar saƙon jama'a, wani na ciniki. Yawansu a ma'ajiyar WordPress.org ya haura 50,000. Cikin 2005 aka shigo da abin da za a kira riga, watau tsarin launi da fasalin da mai karatu ke gani, wanda a ke iya sauyawa ba tare da an taɓa rubutun da ke ciki ba. Cikin shekarar nan kuma Mullenweg ya kafa kamfaninsa, Automattic. Taron masu aiki da manhajar, wanda a ke kira WordCamp, an fara shi a San Faransisko cikin 2006, ya kuma bazu ƙasashe da yawa, har aka yi shi a Ikko, watau Legas, cikin 2018.

Yadda a ke gina shafi

Da fari a yi rajistar adireshi, a kama masauki. Sa'an nan a girka manhajar, abin da galibin masu ba da masauki suka sauƙaƙa ya zama na 'yan mintoci. Bayan haka a zaɓi riga, a ɗora ƙarin da a ke bukata, a fara zuba rubutu. Malamin da ya iya buga wasiƙa a kwamfuta ba zai sha wuya wajen koyon wannan ba.

Manhajar tana raba ma'aikata daraja daraja, kamar yadda a ke yi a ofis. Akwai mai cikakken iko, wanda ke iya sāke kome. Akwai mai tacewa, wanda ke duba rubutun wasu ya fitar. Akwai kuma wanda zai rubuta amma ba zai iya fitarwa ba sai an duba. Wannan tsari ya dace da aikin hukuma ƙwarai, domin sanarwa ba za ta fita da sunan hakimi ba sai wanda aka ɗora wa alhaki ya gani.

Amma ginin ba ya ƙarewa ran da aka buɗe shi. Lokaci lokaci a kan gano ɓaraka cikin manhaja, a fitar da gyara. Tun 2013 WordPress ta kan saka ƙananan gyare-gyaren tsaro da kanta, amma mafi yawan ɓarakar da a ke samu cikin ƙari ta ke, musamman wanda mai shi ya yi watsi da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shafin da aka bari ba kulawa, ɓarayin intanet su kan shige shi, su liƙa tallan banza ko labarin ƙarya ƙarƙashin sunan mai shi.

Su wane ne ke yin gyaran?

Ɗaruruwan mutane daga ƙasashe dabam dabam ke sa hannu cikin ko wace sabuwar fitowa. Wasu kamfanoninsu ke biyansu domin su yi, wasu kuwa sa kai ne bayan sun tashi daga aiki. An kasa su ƙungiya ƙungiya. Akwai masu rubuta ainihin manhajar, da masu gwada ta kafin a sake ta, da masu rubuta littafin koyarwa, da masu amsa tambayar wanda ya kakare, da masu kula da cewa makafi da sauran masu lalura sun iya aiki da ita, da masu shirya taro, da masu fassara. Wanda ya ga aibi ya kan kai rahoto a rubuce, wani ya kawo gyara, manyan ma'aikata su duba, in ya yi kyau a shigar da shi, a kuma rubuta sunan mai gyaran cikin jerin waɗanda suka taimaka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san gayya. Yau an taru a gonar wane, gobe a ta wane, wanda kuwa a ke zuwa tasa shi ba ya zuwa ta kowa, ba a daɗewa a ke gane shi. Cikin 2014 Mullenweg ya yi kira ga kamfanonin da ke cin abinci da WordPress su mayar da kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsu ga aikin jama'a. Ga ma'aikacin da ke yin sa'a 40 a mako, wannan sa'a 2 ke nan.

Rabon masu jin Hausa

Da Turanci aka rubuta kalmomin da ke jikin manhajar, irin su umarnin ajiyewa da fitarwa da sharewa. Masu sa kai ke juya su zuwa wasu harsuna a dandalin fassara na WordPress.org, Hausa kuwa tana cikin harsunan da aka buɗe wa gurbi can. Ga yadda a ke yi. Mutum ya yi rajista kyauta, a nuna masa jimla guda, ya rubuta fassararta, sa'an nan mai tacewa na wannan harshe ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Ko wace sabuwar fitowa tana zuwa da sababbin jimloli, saboda haka aikin ba ya yankewa.

Wannan aiki ba ya bukatar sanin rubuta manhaja. Abin da ya ke bukata shi ne mutumin da ya san Hausa sosai, ya kuma saba da zaɓen kalmar da talaka zai gane. Malaman hakimai sun daɗe suna wannan, domin su ke juya takardar gwamnati zuwa maganar da dagaci zai kai wa mutanensa. Ba wani kamfani a Amurka da aka ɗora wa wannan nauyi. In masu harshen ba su yi ba, haka zai zauna. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Gayya ba ta rasa saɓani

Kada a ɗauka cewa kome lafiya lau ya ke tafiya kullum. Cikin Disamba 2018 aka sāke hanyar rubutu cikin WordPress, aka shigo da wani sabon tsari mai suna Gutenberg. Waɗansu ba su yarda ba, suka ɗauki rubutun manhajar suka ci gaba da tasu mai suna ClassicPress, lasisi kuwa ya ba su wannan dama.

Cikin Satumba 2024 kuma rigima ta tashi tsakanin Mullenweg da wani kamfanin masauki, WP Engine, game da amfani da sunan WordPress da kuma yawan abin da kamfanin ke mayarwa ga aikin jama'a. Aka toshe wa kamfanin hanyar ɗaukar gyare-gyare daga WordPress.org, abin ya shafi masu shafukan da ke haya wurinsa, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kamfanin ya kai ƙara cikin Oktoba, cikin Disamba kuma wata kotu a Kalifoniya ta ba da umarnin wucin gadi a buɗe hanyar. Abin lura a nan shi ne, lasisi ya tsare wa kowa rubutun manhajar, amma ma'ajiyar da a ke ɗaukarta da sunan da a ke kiranta da shi suna da masu su. Saboda haka mai hankali ya kan riƙe kwafin kayansa a hannunsa.

Abin da ya kamata hakimi ya tabbatar

1. A yi rajistar adireshi da masauki da sunan ofis, ba da sunan magini ba. In magini ya yi da sunansa, ran da aka ɓata da shi, ko ya yi ƙaura, shafin ya tafi tare da shi.

2. Kalmar sirri ta mai cikakken iko ta kasance a hannun ofis, a rubuce, a kulle. In ma'aikaci ya bar aiki, a soke izininsa nan da nan.

3. A rubuta ranar sabunta haya cikin littafin ofis, a kuma sa kuɗinta cikin kasafin ko wace shekara. Adireshin da aka bari ya faɗi, wani na iya kama shi.

4. A ɗora wa malami guda alhakin saka gyare-gyare da ɗaukar kwafin shafin, a ajiye kwafin wani wuri dabam da masaukin.

5. Kada a tara ƙarin da ba a bukata, kada kuma a karɓi riga ko ƙari na sata, domin a kan ɓoye mugun abu a cikinsu.

6. A gwada rigar a ga tana nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai, a kuma buɗe shafin a ƙaramar waya a ga ba ya nauyi.

7. Kada a fitar da sirrin talakawa, kamar ƙarar da aka kawo gaban hakimi ko lambar wayar wani, sai da yardarsa.

Bayan waɗannan, ofishin da ya ci moriyar wannan manhaja ya kyautu ya ware wa malaminsa ko da sa'a ɗaya ce a mako domin fassara, ko kai rahoton aibin da ya gani, ko koya wa malamin gundumar da ke maƙwabtaka. Mutum biyu suka ɗauki aikin da mutum ɗaya ya ajiye cikin 2003, yau ga inda ya kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa a dace.