Albashi Da Bashi: Awon Karatun Hidimar Haƙori A Amurka

Mai sayen hatsi ba ya miƙa kuɗinsa sai ya ga mudu. To, a ƙasar Amurka ilmi ma abin saye ne, da tsada kuwa, har ɗalibai da yawa ba su samunsa sai da rance. A shekarar 2024 waɗanda gwamnatin ƙasar ke bi bashin karatu sun haura mutum miliyan 40, jimlar kuɗin kuwa wajen dala tiriliyan 1.6. A cikinsu akwai masu karatun shekara biyu, wanda ake ba da ƙaramin digiri a ƙarshensa, domin su yi aiki a ƙarƙashin likitan haƙori. Su ne abin zancenmu yau.

Farkon abin da ya wajaba a sani shi ne, a ɗakin likitan nan sana'a biyu ce, ko da yake baƙo zai ɗauka ɗaya ce, gama tufafinsu iri guda. Ta fari ta mataimaki: shi ke shirya majinyaci, ya dafa kayan aiki, ya miƙa wa likita, ya ɗauki hoton haƙori, ya rubuta littafi. Ta biyu ta mai tsabtace haƙora: shi da hannunsa yake kankare dauɗar da ta daskare a gindin haƙori, ya duba dasashi ko da cuta, ya koya wa mutane kiyaye bakinsu. Wani likita, Alfred Fones, shi ya buɗe makarantar farko ta wannan sana'a a garin Bridgeport a 1913. Babu jihar da ake yinta sai da lasin, bayan an ci jarrabawa. Amma aikin mataimaki, a jihohi da dama likita na iya ɗaukar yaro ya koya masa a bakin aiki, yana biyansa.

Ga abin da ofishin ƙididdigar ma'aikata na gwamnatinsu ya bayar na shekarar 2023. Albashin tsakiya, watau wanda rabin ma'aikata suka fi shi rabi kuma ba su kai ba, dala 87,530 ne a shekara ga mai tsabtacewa, ga mataimaki kuwa dala 46,540. Ɗaya ya kusa ninka ɗaya ke nan, alhali kuwa mai yiwuwa ne su biyun su fito da bashi daidai wa daida.

Bari mu auna. Ɗalibin da ke riƙe da kansa, ba a ƙarƙashin iyaye ba, iyakar abin da gwamnati ta yarda ta ranta masa a wancan lokaci dala 9,500 ce a shekarar fari, 10,500 a ta biyu, jimla 20,000. Kuɗin ruwan da aka yanka wa rancen shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne cikin ɗari. Hukuncin ruwa a shari'a kowane almajiri ya san shi, ba shi muka zo bitarsa ba. Lissafin kaɗai ma ya isa tsoratarwa. In za a biya cikin shekara 10, kowane wata dala 227 ne, a ƙarshe an biya fiye da 27,000. Mai tsabtacewa da ke samun wajen dala 7,300 a wata ba zai ji wannan ba sai kamar cizon sauro, kashi 3 cikin ɗari. Mataimaki mai dala 3,900 kuwa kashi 6 zai bayar, tun kafin a cire haraji da kuɗin haya. Kuma a tuna, sabon shiga ba ya fara da albashin tsakiya, ƙasa yake farawa.

Wannan duk da sauƙi in makarantar ta gwamnati ce. Kwalejojin gunduma, a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, kuɗinsu ga ɗan gari wajen dala 4,000 ne a shekara, tallafin Pell kuwa, wanda kyauta ne ga 'ya'yan talakawa, ya kai dala 7,395. Sau da yawa yakan rufe kuɗin makaranta har da saura. Inda ake shiga uku shi ne makarantun 'yan kasuwa, waɗanda ke karɓar kowa nan da nan, su tsawwala kuɗi, rancen gwamnati ya kasa, a tura yaro banki ya ƙaro. A ce bashin ya kai 40,000: ko ruwansa bai ɗara na gwamnati ba, dala 455 ke nan kowane wata, kusan kashi 12 na albashin mataimaki, saboda sana'ar da maƙwabcinsa ya koya ba da ko kwabo ba. A ganina wannan ciniki ɓatacce ne. An kuwa ga ƙarshen irinsa: kamfanin Corinthian, mai makarantun Everest inda ake koyar da aikin mataimaki, ya rushe a 2015, sai a 2022 gwamnati ta yafe dala biliyan 5.8 ga ɗalibansa 560,000 saboda yaudarar da aka yi musu. Shekara bakwai suna jira.

Kada kuma mai karatu ya zaci hanyar mai tsabtacewa shimfiɗaɗɗiya ce. Gurabenta kaɗan ne, masu nema da yawa. Sai an fara cin darussan sanin jikin ɗan Adam da na ƙwayoyin cuta, saboda haka shekara biyun nan galibi uku take zama. Ɗalibi shi ke sayen kayan aikinsa, karatun kuma yakan cinye yini, ba ya barin sararin neman abinci. Bayan an fito, da yawa ba su samun aikin mako cikakke a wurin likita ɗaya, sai su raba kwanaki, ana biyansu bisa awa. Wuya da baya da wuyan hannu su ma suna karɓar rabonsu, don yini ake yi a sunkuye.

Mafi hasara duka shi ne wanda ya ranta, sa'an nan ya yanke karatu a tsakiya: ba takarda, ga bashi. Bashin nan kuwa ba ya faɗuwa da sauƙi ko alƙali ya tabbatar mutum ya karye, kuma doka ta ba gwamnati ikon yanke har kashi 15 na albashin wanda ya ƙi biya ba tare da zuwa kotu ba.

Saboda haka kafin yaro ya sa hannu, sai ya tambayi abu uku: wace sana'ar cikin biyun takardar za ta buɗe masa, ko hukumar tantance makarantun haƙori ta yarda da makarantar, kuma nawa waɗanda suka riga shi fita suke samu. Amsar ta ukun tana shafin College Scorecard, wanda gwamnatin Obama ta buɗe a 2013, tun 2019 kuma yake nuna albashi da bashin ɗalibai fanni fanni, makaranta makaranta.