Garin Neman Tsawon Gashi Kada a Rasa Goshi

A gidan biki a Ƙanƙara ko Faskari, idan baƙar mace ta zame ɗankwali gashinta ya sauko kafaɗa, ba a barinta ta zauna lafiya. Nan take za ki ji wata ta ce, "Ke don Allah, naki ne ko ƙari ne?" Idan ta ce nata ne, sai wata ta miƙa hannu ta cusa yatsu cikin kitson tana laluben zare. Idan ba a samu komai ba, sai a koma tonon asali: ai kakarta Bafulatana ce, ai suna da jinin Buzaye, ai can gidansu akwai Shuwa. Ko ta wace hanya sai an ƙwace mata gashin an ba wata ƙabila.

Ana ɗaukar wannan a matsayin raha. Ni kuwa ina ganin guba ce da ke bin gidaje. Ƙarƙashin wannan tambaya akwai wani imani da ya yi jijiya, wai gashin Bahaushiya ba ya tsawo sai da dabara. Yarinyar da ta tashi tana jin haka, da ta fara sanin kanta za ta tafi neman dabarar. Dabarun da ke jiranta a kasuwa kuwa, su ne ke cinye mata gashin da Allah ya ba ta, wasu ma ba a kai suke tsayawa ba.

Gashin baƙar mace yana tsirowa, kuma an auna. A shekarar 2001 wata mai bincike a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta auna gashin mutanen da suka fito daga yammaci da tsakiyar Afirka, ta samu yana ƙaruwa da kusan santimita 9 a shekara. Gaskiya ne bai kai saurin na Turawa ba, amma kowane silin gashi yana shafe shekaru yana tsiro kafin ya faɗi. Wanda ya yi shekara huɗu bai karye ba ya wuce santimita 30. Abin da ke ruɗar ido shi ne nannaɗewa. Namu a murɗe yake fitowa, da ya sha ruwa ya bushe sai ya takure, mai kai wa kafaɗa ya koma kamar bai wuce kunne ba. Wannan murɗewar ce kuma ke sa maiƙon fatar kai ba ya gangarowa har bakin gashi, sai bakin ya bushe ya riƙa tsinkewa, balle a hunturun ƙasar Katsina. Macen da ke cewa gashinta ya tsaya wuri ɗaya tun tana budurwa, kamar mai ɗura ruwa a tulu mai huda take: yana shiga ta sama, yana tsiyayewa ta ƙasa.

Matan Basara na ƙasar Chadi, waɗanda garin chebe ɗinsu ya yi suna a duniya a 'yan shekarun nan, ba wani sirrin tsiro suke da shi ba. Suna kwaɓa garin da mai, su shafe jikin gashin, su kitse, su ƙyale shi. Hana karyewa suke yi. Kakanninmu ma abin da suke yi ke nan da karkashi wajen wanki, da man shanu da man kaɗe wajen shafawa, da kitso manya-manya wanda ba ya sa ciwon kai.

Yanzu ga abin da ya maye gurbin wannan. Na farko rilaksa, man da ke miƙar da gashi. Da can sai matan birni, sai an je salun a Funtuwa ko Kano. Yau ga shi a teburin mai kayan kwalliya a ƙananan kasuwanni, wani a cikin roba, wani a ƙulle a leda babu suna babu lambar NAFDAC, kuma ƙawa ce ke shafa wa ƙawa a tsakar gida. Duk matar da ta taɓa koyon haɗa sabulu ta san kostik soda, ta san yadda ake gargaɗi kada ta taɓa fata. To ita ce ginshiƙin nau'in rilaksa mafi ƙarfi. Nau'in da ake cewa ba shi da soda, wani sinadari ne ɗan'uwanta aka sa, shi ma yana ƙuna. Aikinsu ɗaya: su karya abin da ke riƙe da silin gashi daga ciki don ya saki ya miƙe. Gashin da ya sha rilaksa ya fi sheƙi, ya fi nuna tsawo a makon farko, amma ya fi rauni har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa bayan wata biyu za ki ga matsefi cike da guntaye.

Kuma kowa ta san maganar da ake yi lokacin shafawa: "Daure, ki bar shi ya ci." Wannan zafin da ake cewa a daure masa ƙuna ce. Ɓawon da ke fitowa a kai washegari, mai haɗe gashi wuri ɗaya, gyambo ne. Fatar kai mai gyambo kuwa ƙofa ce a buɗe, abin da aka shafa yana ratsawa cikin jiki.

Nan ne maganar ta wuce ta kwalliya. A watan Oktoba na 2022, Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Ƙasa a Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike da ya bi mata 33,497 na kusan shekara 11. Cikin waɗanda ba su amfani da man miƙar da gashi, an ƙiyasta kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin su cika shekara 70. Cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara, adadin ya kai kashi 4.05. Ya ninka har da ɗori. A 2023 masu bincike a Jami'ar Boston, da suka bi baƙaƙen mata kusan 45,000, sun samu ƙarin haɗarin da ya haura kashi 50 cikin 100 ga matan da suka daina al'ada kuma suka daɗe suna shan rilaksa. Tun a 2012 wannan rukunin na Boston ya ga alaƙa tsakanin rilaksa da ƙarin mahaifa da ake kira faibroid. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba, kuma mafi yawan masu shafawa ba za su kamu ba. Amma ki lura, waɗancan mata a Amurka suke, inda ake rubuta abin da ke cikin roba, inda dubban mata suka riga suka maka kamfanonin a kotu. Mace a Damari ko Yankara da ta sayi ƙullin leda, wa za ta kai ƙara, a gaban wa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Ana gobe sallah za a kamo yarinya 'yar shekara biyar ko shida, a danne ta, a lafta mata rilaksa wai gashinta ya cika tauri, ba ta tsayawa a yi mata kitso. Akwai ma waɗanda aka yi wa kwali mai hoton yarinya tana dariya, wai na yara. Sinadarin cikinsu dai mai ƙuna ne. Fatar kan yaro ta fi ta babba laushi, kuma yarinyar da aka fara wa tun tana firamare, kafin ta yi aure ta yi shekara goma tana sha. Ya ku iyaye mata, wannan kan amana ne a hannunku. Gashin da bai tajuwa a bushe, a jiƙa shi da ruwan karkashi, a shafa mai, a raba shi gida-gida, a fara tajewa daga baki. Ya fi cin lokaci, na sani, ga girki ga goyo ga surfe. Amma lokacin ya fi arha.

Na biyu shi ne kitso mai ja da ƙarin gashin roba. An mayar da zafi ma'aunin gwaninta. Makitsiyar da ba ta sa ido ya ɗage, ba ta sa a kasa runtsawa daren farko, sai a ce hannunta ba ya kamawa. Har 'yan ƙananan gashin gaban goshi, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar komai, sai an tsinto su an ɗaure musu nauyin roba mai kai wa ƙugu. Ƙananan ƙurajen da ke fesowa a gefen kitso gargaɗi ne na farko. Idan aka ci gaba, goshi ya fara ja da baya, gefen kunne ya yi fili. Da farko yana dawowa idan an saki. Idan aka shekara da shekaru ana ja, tushen gashin yana mutuwa, wurin ya yi sumul yana ƙyalli, kuma daga nan babu man da zai tsirar da shi. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta duba mutane a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ta samu wannan nau'in sanƙo a kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 na manyan mata. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu ɗora kitso mai ja a kan gashin da ya sha rilaksa. Abin da ake yi wa amarenmu ke nan, a mako ɗaya, wani lokaci a yini ɗaya.

A wurinmu abin yana da wata fuska da ke sa ya yi nisa ba a sani ba. Kanmu a rufe yake, ɗankwali da hijabi, kuma alheri ne. Sai dai sanƙon da ke cin goshi yana samun mafaka a ƙarƙashinsu. Mace za ta riƙa jawo ɗaurin gaba kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara, babu wanda ya sani sai ita da makitsiyarta. Haka nan masu dogon gashin da ke cikinmu, su ma a rufe suke, shi ya sa ranar da aka ga ɗaya sai a ɗauka abin mamaki ne.

Ita kanta robar da ake ƙarawa ba a raba ta da zargi ba. A watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin roba da ake kitso da shi. Ta samu sinadarai masu alaƙa da sankara a dukkansu, ta samu dalma a cikin tara. Mu kuwa har tsoma bakinsa muke yi a tafasasshen ruwa, ko mu ƙona shi da kyandir, muna shaƙar hayaƙin a ɗaki.

Ta fuskar addini ba sai na tsawaita ba, duk 'yar Islamiyya ta san hadisin Asma'u 'yar Abubakar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta nemi izinin yi wa 'yarta amarya ƙarin gashi bayan ciwo ya zubar mata da nata, Manzon Allah (SAW) ya hana da kakkausar murya. Bayanin zare da ulu na malamai ne, a tambaye su. Abin da nake so a gani shi ne, a garin da kowa ya san wannan hukunci, ki dubi 'yar'uwarki a cikin taro ki ce gashinta ƙari ne, kin zarge ta da saɓo da ƙarya a lokaci guda, ba tare da hujja ba. Wannan mummunan zato ne, ko da da dariya aka yi shi.

Sai na uku, 'yan kasuwar tsiro. Waya ta kawo su har ƙuryar ɗaki. A TikTok da WhatsApp ga kwalabe nan, wai cikin mako biyu gashi zai sauka gadon baya, ga hoton kafin da na bayan. Ki yi lissafi da kanki: gashin da bai cika santimita ɗaya a wata ba, wane mai ne zai ba shi kamu guda a kwana goma sha huɗu? Hoton farko an ɗauke shi gashi a takure, na biyu an miƙar da shi, in ma mace ɗaya ce. Waɗannan mutane da shakkarki suke cin abinci. Marubutan littattafan soyayya da suka shekara suna ba kowace tauraruwa gashi irin na Indiyawa, da mazan da ke yi wa matansu gori da shi, su suka share musu kasuwa. Malam, idan ka taɓa ce wa matarka kanta kamar na namiji, ka sani da hannunka a cikin duk abin da ta je ta shafa.

Sau da yawa ma matsalar ba a kai take ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana zubar da gashi. A yankin da 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, daga Sabuwa har Ƙanƙara, inda tukunya ta ragu, ga haihuwa kusa-kusa, kuɗin kwalbar tsiro gara a sa shi a wake da zogale da hanta in an samu. Zubar gashi bayan haihuwa da wata uku ko huɗu kuwa ba ciwo ba ne, yana dawowa da kansa. Filin da ke fitowa a kan yaro mai fari-fari yana ɓarewa, makero ne, maganin sha yake buƙata daga asibiti, ba mai ba.

Makitsa, ku sassauta hannu, ku bar gashin goshi, kuma kada ku yi kitso a kan gashin da aka yi wa rilaksa a makon. Wadda kitso ya hana ta barci ko ya fito mata da ƙuraje, ta tsefe shi a ranar, kuɗin ya bi ruwa. Wadda ta ga goshinta ya fara ja, ta dakatar da ƙari da rilaksa yanzu, tun tushen yana da rai. Ke kuma Iya, ko Gwaggo, da kika shekara ashirin kina shafawa, idan kin daina al'ada sannan kika ga jini ya dawo, ko ɗigo ne, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe ko ki ce kunya. Ki je babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa a duba ki, idan sun tura ki asibitin Shika ko na Katsina ki tafi. Sankarar mahaifa tana cikin waɗanda ake warkewa idan an kama ta da wuri, kuma wannan jinin shi ne alamarta ta farko.