Shinkafar da ta kwana: suyar ƙwai ta minti goma da haɗarin da ke tattare da ita a Agege

Tun kafin gari ya waye, teburan masu shayi a Zangon Agege sun riga sun kama aiki. Wannan unguwa ta Legas ta daɗe da Hausawa, tun zamanin da fataucin goro da na shanu ya bi layin dogon da ya isa Kano a shekarar 1911, kuma har yau mahauta da 'yan dako da masu bin motocin kaya ne ke fara cika bencina da asuba. Abin da ke kan tebur sananne ne: burodin Agege, ƙwai, albasa, attaruhu, taliyar Indomie da kasko guda da ya sha wuta. Wanda ya lura da hannun mai shayi sau biyu ya riga ya koyi rabin girkin da muke magana a kai, wato soyayyar shinkafa da ƙwai, wadda ake yi da ragowar shinkafar jiya.

Bahaushe bai jira kowa ya koya masa tattalin ragowar abinci ba. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe, wanda da yawa ke fifita shi a kan tuwon dare. Ƙanzon gindin tukunya ma ba a zubarwa, ana shanya shi a jiƙa a yi kwaɗo. Shinkafa ce kawai ba mu ƙware wajen raya ta ba. Yawanci yayyafa mata ruwa ake yi a mayar kan wuta, ta fito a caɓe. Mutanen Sin da na Indunusiya, waɗanda shinkafa ce tuwonsu, sun daɗe da gano cewa maganin shinkafar da ta kwana shi ne mai da wuta mai ƙarfi.

Tsadar rayuwa ta sa zancen ya wuce na marmari. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira dubu 80 a cikin 2024, shekarar da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Katafariyar masana'antar casar shinkafa ta Imota da aka buɗe a Legas a farkon 2023 ba ta hana farashin tashi ba. A irin wannan hali, zubar da kwano guda na dafaffiyar shinkafa asara ce da magidanci ke ji a aljihu, ko a Agege yake ko a Kubwa.

Dalilin da ya sa shinkafar jiya ta fi sabuwa kyau a kasko shi ne, idan ta huce, sitacin da ke cikinta yana ƙanƙancewa, bayanta ya bushe, ƙwayoyin su daina manne wa juna. Turararriyar shinkafa, wadda ita aka fi ci a Najeriya, ta fi dacewa domin tun asali warwarewa take yi. Shinkafar tuwo kuwa a bar ta ga tuwo.

Girkin kansa ba shi da wuya. Ga kofi uku na dafaffiyar shinkafa, ƙwai uku sun isa, da cokali biyu na man gyaɗa. A fara murje shinkafar da hannu mai tsabta har curarrakin su watse. A ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai, a zuba rabin man, a juye ƙwan da aka kaɗa da ɗan gishiri, a dagargaza shi, a kwashe tun bai bushe ba. A ƙara sauran man, a soya albasa da tafarnuwa da attaruhu, da karas idan akwai, sannan a zuba shinkafar a baza ta. A nan ne yawancin mutane ke kuskure: sai su yi ta juyawa ba ƙaƙƙautawa, ko su cika kaskon har baki, shinkafar ta koma turaruwa maimakon soyuwa. A bar ta ta taɓa ƙarfen na ɗan lokaci kafin a juya. Idan ta yi zafi ko'ina har tana tururi, a mayar da ƙwan, a sa ɗanɗano da yankakken lawashi, a sauke. Mutanen Sin ruwan waken suya mai gishiri suke zubawa. A ganina ɗan garin daddawa yana biyan wannan buƙata, kuma ragowar tsire ko balangu sun fi duk wani naman gwangwani. Ba ta kamar soyayyar shinkafar biki ta Legas ba ce, mai kori da hanta, wadda ke cin rabin yini.

Sai dai lafiyar wannan abinci ba a kasko ake yanke ta ba, tun daren jiya ake yankewa. Ɗanyar shinkafa kan ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda irinta ke jure tafasa. Idan aka bar dafaffiyar shinkafa tana hucewa a hankali cikin ɗumi, irin sai ya farka ya hayayyafa, ya zuba guba a cikin abincin. Ita wannan guba zafi ba ya kashe ta, ko suya ko ɗumamawa. Ba ta da wari, ba ta canza launi, don haka sansanawar da aka saba yi da safe ba hujja ba ce. Wanda ya ci yakan fara tashin zuciya da amai cikin awa ɗaya zuwa shida. A Ingila aka fara danganta irin wannan amai da soyayyar shinkafar gidajen abinci a farkon shekarun 1970, inda ake dafa ta da yawa a bari ta kwana a waje. Yawancin mutane kan warware cikin yini guda, amma ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu abin ba na wasa ba ne.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana ba da shawarar a hucar da shinkafa da sauri, cikin awa guda idan da hali, a sa ta a firji, a ci kafin ta wuce kwana ɗaya, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Shawara ce mai kyau, amma an rubuta ta ne ga mutanen da lantarkinsu ba ya ɗaukewa. A Agege, inda zafin rana ke kai digiri 30 ga laima a iska, kuma ɗaki guda kan ɗauki mutum biyar ba firji, dole a daidaita ta da hali. Mai firji ya baza shinkafar a faranti mai faɗi da zarar an gama rabon abinci, kada ya jira tukunya ta huce da murfinta. Idan wuta ta ɗauke tun tsakar dare har firjin ya saki, a ɗauka shinkafar a waje ta kwana. Wanda ba shi da firji kuwa, gara ya dafa da asuba da ruwa kaɗan, ya baza ta sha iska na minti ashirin, ya soya nan take. Sakamakon bai yi nisa da na shinkafar jiya ba.

Kular abinci ita ce tarkon da aka fi faɗawa. Ana ganin tunda tana riƙe ɗumi to tana kare abinci, alhali bayan wasu awanni zafinta kan sauko ƙasa da digiri 60, daidai inda ƙwayar cutar ta fi jin daɗi. Wannan ya shafi ɗan kasuwar da ke fita daga Zango zuwa Mile 12, haka ya shafi ma'aikacin da ke barin Mararaba ko Nyanya ƙarfe shida na safe da kula a hannu, ba zai buɗe ta a Sakatariyar Tarayya ba sai bayan Azahar. Shinkafar da ta kwana, aka soya da safe, ta sake yin awa takwas a kula, ta sha ɗumi sau biyu ke nan. Wadda za a kai ofis a dafa ta sabuwa, a ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, a zuba abincin yana ƙuna. Ta jiya kuwa a soya ta a cinye a karin kumallo, tun tana tururi.