Iskar tayar keke da nauyin mahayi

Iskar tayar keke ita ce iskar da ake bugawa cikin tiyub domin taya ta ɗauki nauyin keke da mahayi da kayansa. Ana auna ƙarfinta da ma'aunin PSI ko bar, kuma bar 1 ya kai kimanin PSI 14.5. John Boyd Dunlop ne ya yi wa keke taya mai iska a birnin Belfast a shekarar 1888.

Yadda nauyi ke tasiri

Idan mutum ya hau keke, taya tana lotsewa a inda ta taɓa ƙasa. Yawan lotsewar ya danganta da nauyi da kuma ƙarfin iska, saboda haka mai nauyi yana buƙatar iska fiye da mara nauyi a kan taya iri ɗaya. Injiniya Frank Berto ya ba da shawarar kada lotsewar ta wuce kashi 15 cikin 100 na tsayin tayar. Tayar baya tana ɗaukar kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin, shi ya sa ake ba ta iska fiye da ta gaba.

A Kankia da Kusada

A ƙananan hukumomin Kankia da Kusada na Jihar Katsina, ana zuwa gona da makaranta da kasuwa a kan keke, musamman babban keke mai taya inci 28 irin su Phoenix da Raleigh. Ba mahayi kaɗai yake ɗauka ba, har da goyo, da buhun gero, da jarkokin ruwa. Misali, idan keke da mahayinsa sun kai kilo 85, tayar baya tana ɗauke da kimanin kilo 50. Da an ɗora buhu mai kilo 100 a kan kariya, nauyin da ke kanta zai ninka sau uku.

Hanya ma tana da tasiri. A kan kwaltar Katsina zuwa Kano da ta ratsa Kankia, taya mai tauri ta fi gudu. A hanyoyin ƙauyuka masu rairayi kuwa, rage iska kaɗan yana hana taya nutsewa.

Illolin rashin daidaito

Idan iska ta yi kaɗan, rim yana matse tiyub a duk lokacin da aka faɗa rami, sai ya huje a wuri biyu kusa da juna. Gefen taya kuma yana saurin tsagewa. Idan ta yi yawa, keke yana tsalle a hanyar burji, kuma zafin rana na watannin Maris zuwa Mayu yana ƙara mata ƙarfi har tsohuwar taya ta iya fashewa.

Aunawa

Yawancin masu faci suna latsa taya da babban yatsa ne, amma gwajin da ya fi dacewa shi ne a duba lotsewarta bayan mahayi ya zauna da kayansa. Kamfanoni suna rubuta iyakar iska a gefen taya, kuma ba a wuce ta komai nauyin kaya.